Goron da Ba a Kai Wa Mai Unguwa Ba

Zuwa ga ƙanena Rabo, a Yamai.

"Muddin ina numfashi, ba mai kiran Baraka baƙuwa a Maraɗi." Maganarka ke nan a zauren Babanmu Malam Wada, ranar da muka rufe Yaya Shamsu. Na fara da ita don kada gaisuwa ta sa ka ɗauka lafiya ce ta kawo takardar nan.

Bayan haka, assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali, Allah Ya ƙara rufin asiri. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, amma geron bana bai cika rumbu ba, mutanenmu na Tibiri sun fara sayar da awaki.

Bari in tuna maka wace ce matar wanka, tunda aikin jam'iyya ya mantar da kai. Odalis sunanta, daga ƙasar Kuba Yaya ya zo da ita bayan ya gama karatu, Inna ta raɗa mata Baraka. Ungozoma ce. A asibitin Jiratawa ta ƙare ƙuruciyarta, rabin 'yan kabu-kabun da ke ɗauko ka daga tasha a hannunta suka faɗo duniya. Ta yi wa Yaya takaba a ɗakin Inna, ba ta koma ƙasarsu ba. Da aka zaɓe ta konseye a majalisar gari, ita ta kawo famfo Sabon Gari, ita kaɗai kuma ta tsaya a meri, ofishin magajin gari, ta ƙi yarda a ba Alhaji Maman Lawali filin ɗakin haihuwa ya gina gidan mai. Soja suka zo suka rushe majalisar. Yanzu da za a sake zaɓe, Alhajin ne ke neman kujerarta.

Ka san yadda ake yi. Kafin jam'iyya ta tsayar da mutum, namijin gidansu ke kai wa mai unguwa goro ya ce ga namu. Baba ya rasu, Yaya ya rasu, saura kai. Ka ce mana za ka zo Asabar. Baraka ta sayi goron da kanta, ta zauna a ƙofar zauren Mai unguwa Idirisa tun hantsi har aka kira la'asar, kwandon a gabanta, yaran Alhaji suna wucewa suna tambayarta ko jirgin Kuba take jira. Mai unguwa ya aiko a ce mata shi ba ya ƙinta, amma wadda gidanta bai kawo ba, shi wa zai ce ya kawo ta? Daga baya na ji ka gaya wa manyanku ta tarho cewa bana an fi son ɗan ƙasa. Na karanta tsarin mulki, Rabo, tsohon da sabon, ban ga layin da ya hana mai takardar zama 'yar Nijar tsayawa ba. Bakinka ne ya hana.

Ba ta yi kuka ba. Ta jiƙa algarara ta rufe goron, ta sauko da akwatin da ta zo da shi tana kakkaɓewa. Iyayenta sun rasu, gidansu na can wasu ke ciki. Ta ce mini da a kore ta daga gida, gara ta je inda ita baƙuwa ce da gaske.

Ran Litinin jam'iyya ke rufe sunaye. Ina jiranka zuwa Juma'a, kafin a sauko daga masallaci. Ka gaida Atika da su Bilal, Inna da Tsahara suna gaishe ka.

In ba ka zo ba, zan ɗora kwandon a kaina, in riƙe hular Baba a hannu, in shiga zauren nan a gaban dattawa. Zan ajiye hular kusa da goron, in ce wa Mai unguwa ga namu, ya yi haƙuri da mace, gidan Malam Wada ba sauran namiji.

Yayarka,
Tahira