Farin Kambas ɗin Tabita

Gyadi-Gyadi, Kano
12 ga Satumba, 1999

Aminina Markus,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da Maman Paul da yara. Ya sanyin Pankshin, ya ɗalibanka? Mu nan lafiya lau, maiɗakina Huraira tana gaishe ku.

Albishirinka! Wannan ƙanwar taka Tabita da ka damƙa min amana, wallahi ta fi ka gudu, kai da kake cika mana baki lokacin da muke yi wa jiha gudu tare. Kullum in na idar da sallar asuba nakan tarar da ita a bakin titin Zariya, ta taho daga gidan gwaggonku Comfort a Unguwa Uku. Sai mu miƙa ta Tarauni, ita da sauran 'yan gudun nawa a ƙasa, ni a keke da usur da agogo. Jiya ta cinye kilomita goma a minti talatin da shida. Sai da na girgiza agogon, na zaci ya lalace. Kuma ƙafa ba takalmi, yadda ta saba a duwatsunku. Tafin ƙafarta ya yi kanta, ko tsakuwa ba ta ji. Masu shayin hanya har sun raɗa mata suna Ba Birki.

Ga babban labarin. Ka san tunda sojoji suka koma bariki, komai sai an kafa masa kwamiti. To mu ma an kafa mana na gudun dogon zango, an ɗora wani Alhaji Lawan a kai, ɗan siyasa, wanda na tabbata bai taɓa gudu ba sai in ruwa ya tsuge. Ƙarshen wata za su yi gwaji. Mata biyar ɗin farko za a kai su sansanin horo, kuma za a zaɓi koci guda a ba shi takardar aiki. Shekara goma sha ɗaya ina wannan wahala bayan koyarwar firamare, ba wanda ya san da ni sai kekena. Ina son aikin nan, Markus, ba zan ɓoye maka ba.

Ban manta sharaɗinmu ba: shekara ɗaya ka ba ta, in ba a ɗauke ta ba ta koma gida. Ka kwantar da hankalinka, sai dai ka ji ta a rediyo.

Ka gaida kowa da kowa.

Naka,
Inuwa


Gyadi-Gyadi, Kano
3 ga Oktoba, 1999

Markus,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata ka gama girbin dankali lafiya.

An yi gwajin ranar Asabar waccan. Alhamdu lillahi, ni aka bai wa aikin koci. Har ofis an ba ni, da tebur da kujera biyu.

Sai dai Tabita a matsayi na tara ta zo. Ta fara da kyau, ita ce a gaba har kilomita huɗu, daga nan ƙafa ta ba ta matsala. Ka san sha'anin gudu, kowa da ranarsa. Wataƙila kuma taron jama'a ne ya firgita ta, tunda ba ta saba ba. An kai ta kemis an wanke mata ƙafar, tana hutawa a gidan gwaggo.

Ka yi haƙuri da gajartar wasiƙar, ayyuka ne suka yi min yawa.

Naka,
Inuwa


Gyadi-Gyadi, Kano
24 ga Oktoba, 1999

Ɗan'uwana Markus,

Ina gaishe ka, ina gaida Maman Paul da yara, Allah ya sa kuna lafiya. Ni dai jikina lafiya, amma zuciyata ba lafiya ba.

Wasiƙarka ta iso. Ka taya ni murna, ka ce ka san na yi iya ƙoƙarina, ka ce ranar Asabar mai zuwa za ka zo ka tafi da Tabita tunda ta gaza. Sau uku na karanta, na kasa cin tuwo. Huraira ta ce wannan wane irin koci ne, an ba shi aiki amma yana yawo kamar wanda aka kora. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Markus. Ƙarya na yi maka. Tabita ba ta gaza ba, kuma ba wani taro da ya firgita ta. Ni na kayar da ita.

Ana jibi gwaji Alhaji Lawan ya zagayo duba masu horarwa. Ya ga Tabita ƙafa a ƙasa, ya yatsina fuska. Ya ce yanzu zamani ya canja, manyan baƙi za su zo da masu ɗaukar hoto, kocin da 'yan gudunsa ke yawo ba takalmi ai bai waye ba. Maganar ta tsaya min a rai. Washegari na hau keke har kasuwa, na sayo farin kambas sabo fil, na kai mata na ce da shi za ta yi gudu. Ta juya shi a hannu, ta ce ba ta saba ba, ko za a bari sai bayan gwaji. Na daka mata tsawa, na ce ni ne koci ko ita.

Kuma kada ka ce ban sani ba. Kai ka koya min. Ka tuna ranar da ka ƙwace sabon takalmina a Kaduna, ka ba ni tsohon naka mai faci, ka ce ko mahaukaci ba ya sa sabon takalmi ranar gasa? Duk wanda ya taɓa zuwa hannuna sai da na gaya masa haka. Ina sane na sa mata, don a gan ni.

Da ta iso ƙarshe na durƙusa na kwance mata igiya. Dunduniya ta sale, yatsu sun yi bororo sun fashe, safa ta manne da jini. Ina riƙe da ƙafarta aka kira sunana a lasifika, Alhaji Lawan yana yabon tsaftar 'yan guduna. Na tashi na je na karɓi takarda, har da murmushi a hoto. Kaico!

Ran Talatar nan da ta wuce ta zo gidana tana ɗingishi, da baƙar leda a hannu. Kambas ɗin ne, ta wanke shi tas, sai dai jinin wajen dunduniya ya ƙi fita. Ta ce in bai wa wadda ta fi ta cancanta, kuma in yafe mata kunyar da ta ba ni. Ita ce take ba ni haƙuri, Markus!

Washegari na daure na je Unguwa Uku, na faɗi gaskiya a gaban gwaggonku. Gwaggo ta wanke ni tas, kuma ta yi daidai. Na tambayi Tabita me ya hana ta tuɓe kambas ɗin ta yar a hanya, tunda ba dokar da ta hana. Ta ce tun kilomita uku ta so yin haka, har ta rage gudu. Sai ta hango ni a bayan motar kwamiti, kusa da Alhaji, ta tuna yadda na daɗe ina neman aikin nan, ta ce bari ta daure kada ta ɓata min. Kilomita bakwai ta yi a haka saboda ni. Wallahi da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Na je wajen Alhaji Lawan na gaya masa komai. Dariya ya yi, ya ce an riga an rufe sunaye, sai gwajin watan Maris. Na ce a watan Maris da ƙafarta ba takalmi za ta yi gudu, in ba a yarda ba ga takardar aikinsu. Ban san yadda za ta kaya ba.

Abin da nake roƙo ke nan. Sharaɗinka shi ne in ta gaza ta koma gida, to ba ta gaza ba. Ka bar ta zuwa Maris. In ba ka ƙara yarda da ni ba, kuma kana da gaskiya, zan kai ta wajen Malam Tanko, kocin nan na Babban Giji, ya horar da ita, ni in riƙa kai musu ruwa a keke. Ƙafar tana warkewa. Kullum da asuba ina tsayawa a bakin titin Zariya, har yanzu ba ta fito ba, gobe ma zan je.

In ka iso ranar Asabar ka fara biyowa ta gidana. Zan nuna maka takalmin, ka zage ni son ranka, ba zan ɗaga kai ba. Amma don Allah ka koma Pankshin kai kaɗai.

Ka gaida Maman Paul, in za ta amsa gaisuwata.

Wanda ya ci amanarka,
Inuwa