Allurar Baba Bayan Tiyata

Laraba, bayan isha'i, Bagudo

Yau ilimina ya sha kunya. Tun da aka yi wa Baba tiyatar rage tumbi, loma uku ke ƙosar da shi, amma ni mai digiri na kafe da hujjoji cewa ba za a rage allurarsa ta ciwon suga ba. Da hantsi a kasuwar Lolo gumi ya karyo masa, ya sulale kan buhunan shinkafarsa. Wata mai fura ce ta ba shi ruwan suga.

Likita ya ce a waya jikin ya sauya, tsohon awon allurar ya yi masa yawa, mu zo gobe.

Baba bai zarge ni ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, gobe ka bar likita ya yi magana."