Kumbonka Ya Kusa Bakin Taswira

Wausau, Wisconsin
Nuwamba, 1993

Zuwa ga Baffana Vernon,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina fata kuna lafiya kai da Inna Lorraine, Allah Ya sa sanyin Alaska ya zo muku da sauƙi bana. Mu nan dusar ƙanƙara ta fara sauka. Mama tana nan da ciwon gwiwarta. Yaya Duane ya samu ƙaruwa, mace, an sa mata Noreen. Ni kuma na karɓi takardar digirina, har an kira ni aiki a Milwaukee, amma na roƙi a ɗaga mini, domin ba zan iya barin Mama ita kaɗai da Baba ba.

Baffa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na san tun Kirsimetin bara, da Baba ya dube ka a bakin ƙofa ya tambayi Mama ko kai ne mai gyaran famfo, ba ka sake rubuto masa ba. Ban ga laifinka ba, ni ma yanzu “yarinyar nan” yake ce mini. Likita ya ce mantuwar gaba za ta yi ta yi. Amma akwai abu guda da bai manta ba, wato wasan yaƙin samaniyar nan da kuka saya tare kafin a sa ni makaranta. Taswirar tana shimfiɗe a teburin ɗakin ƙasa yadda kuka bar ta, ƴan kwalayen kumbunansa ja, naka shuɗi. Kowace Lahadi bayan coci sai ya duba akwatin wasiƙa ko ka aiko da umarnin kumbunanka, ko da yake ba a kawo wasiƙa ran Lahadi, ya dawo yana cewa wai mai kunnen zomon nan, wato kai, tsoro ne ya kama shi, tun suna yara haka yake, da ya ga duka sai ya shige bayan siket ɗin uwarsu. Daga nan ya sauka ya buga nasa.

Ka fi ni sanin dokar wasan. Kumbon da mai shi bai aiko masa da sabon umarni ba ba ya tsayawa, yana ci gaba ne ta inda ya dosa, da gudun da yake yi, kuma wanda ya fita daga taswira ya ɓata ke nan, ba ya dawowa. Baba ba ya karya doka. Da hannunsa yake tura naka kowane mako, ba ya kuma harbinsu, ya ce ba ya dukan wanda ya juya baya. Ƙananan sun fice ɗaya bayan ɗaya. Da na ƙarshensu ya fita a watan jiya, ya ƙi cin abinci, har soyayyen kifin Juma'a da ba ya wuce shi ya ture. Ya tambaye ni ko an sanar da iyalan mutanen da ke ciki. Saura babban kumbonka kaɗai, wanda Baba ke kira da sunanka, kuma tsakaninsa da bakin taswirar bai fi faɗin yatsu uku ba.

Na karanta littafin dokokin daga farko har ƙarshe ina neman kafa, ban samu ba. Makon jiya na lallaɓa na mayar da kumbon baya kaɗan. Yana sauka ya gane. Ya tambaye ni ƴar gidan wane ce ni, ya ce lallai ubana bai koya mini kunya ba. Mama ta gwada rubuta umarnin da sunanka, ya yi dariya ya ce Vern ko a buge ba ya rubutu mai kyau haka.

Ba na roƙon ka zo, ko da yake zumunta a ƙafa take. Ba na so ka kira waya ma, muryoyi ba sa tsaya masa. Kati ɗaya nake roƙo, da rubutun hannunka, da lambar gidan taswirar da kake so kumbon ya juya ya nufa. Ba zan yi maka alkawarin zai gane ka ba, na fi zaton ba zai sake gane ka ba har abada. Kuma na auna gudun kumbon da jinkirin gidan waya, ina tsoron ko yau ka aiko da ƙyar ya riske shi. Duk da haka ka aiko. Shekaranjiya ya ce wa Mama ta goge masa baƙar kwat ɗinsa, wai ƙaninsa ya kusa tafiya kuma ba za a ce bai je jana'iza da shiga ta mutunci ba. Ta yi musu har ta gaji. Jiya na tarar ta goge ta, ta rataye a bayan ƙofa.

Ka gaishe mini da Inna Lorraine, da Glenn da matarsa, da ƙaramar Patty. Mama da Yaya Duane suna gaishe ku. Allah Ya bar zumunci.

Taka har kullum,
Marcy