Noti Goma Sha Ɗaya

Orange, 9 ga Mayu

Zuwa ga Merv,

Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya jiki, yaya gwiwar nan taka? Ina fata a gidan tsofaffin ba sa hana ka sukari a shayi. Mu lafiya lau, sanyi ya fara shigowa, an gama tsinkar tuffa.

Wasiƙarka ta iso. Wai kai ne ke neman gafarata! Sau uku na karanta ta.

Ka tuna layinmu a masana'antar firiji? Mata shida a jere, kowace ƙofa noti goma sha ɗaya. Noelene na rera waƙa da muryarta ta agwagwa, Voula na raba mana biskit ɗin da ta gasa, kai kuma ka sauko daga ofishin zane da farar riga muna yi maka tsiya, injiniyan da bai san riƙon sukundireba ba. Kai, ina kewar kwanakin nan.

Sai ka zana ƙofar da ke zuwa a haɗe, a zura ta kawai ta kama, babu noti ko ɗaya. Aikin mutum shida ya koma na biyu. Aka sallami huɗu, har da ni. Shekara goma sha tara matan ba sa amsa gaisuwarka, ni ma in na hango ka a kanti sai in sauya hanya.

Amma ni da kai mun san mai dabarar. A hutun shayi, ranar da yatsuna suka kumbura, ni na zaro akwatin ashana na tura cikinsa ya shige, na ce maka, “In kai injiniya ne da gaske, yi mana ƙofa haka.” Ka sha zagi, ba ka taɓa kiran sunana ba. Ni kuma tsoro ya sa na yi gum, har na taya su zaginka.

Jiya na kira matan a waya na gaya musu gaskiya. Voula ta yi kuka. Noelene ta kashe wayar a kunnena, can ta sake kira ta tambayi adireshinka.

Ranar Asabar za su zo duba ka su biyu. Sun ce babu wurina a motarsu. Zan hau bas.

Ka huta lafiya.

Taka,
Dragica