Goggona tana so ta dama fura a bayan katina

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Admin, ka sakaya sunana don girman Allah, akwai 'yan garinmu a ciki. Shawara na zo nema a wajenku, amma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, don na gaji da hukuncin waɗanda rabin magana kawai suka ji.

Ni matar aure ce a wajen Wurno, asalina kuma wani ƙauye ne kusa da Basirka. Sana'ata fura da nono. Karatuna bai wuce aji shida na firamare ba, saboda haka ku yi haƙuri da rubutuna. Na san halina, ina da yawan tunani da wasiwasi. Ƙuda ɗaya ya faɗa mini ƙwarya sai in kasa sayar da abin da ke ciki, har matan layinmu a kasuwa suna tsokanata, in na doso sai ka ji an ce a gyara zama, ga Likita nan tafe.

Duk shekara in an gama girbi ana yin wasan kokawa na kwana uku a wani gari tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, ba sai na faɗi sunansa ba. Mu masu fura nan ne babbar kasuwarmu. Bana sai kwamitin wasa suka ce duk mai sayar da abin ci ko abin sha sai ya karɓi kati a wajen duba-gari, saboda bara mutane sun yi ta ciwon ciki bayan an watse. Na je. Wata mata ce duba-garin. Ta duba farcena, ta sa na buɗe ƙoraina da faifai, ta tambaye ni inda nake ɗebo ruwa, sannan ta tura ni asibiti aka gwada ni. Aka ba ni kati mai hotona, aka ce in rataya a wuya. Ta kuma kafa mana doka cewa kowane mai saye da nasa cokalin, kuma ba a kai ludayi baki a mayar cikin fura.

To a nan maganar Goggo ta shigo. Goggo ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, ita ta koya mini kirɓin fura da damu. Ta fi shekaruna tana zuwa wannan wasa. Tana da al'adar da kowa ya san ta da ita, irin ta mutanen da: in ta gama damu sai ta ɗebo da ludayi ta kurɓa a gaban mai saye, sannan ta miƙa masa ƙwaryar da ludayin. 'Yan kokawa suna tsoron a zuba musu wani abu a abin sha ya kashe musu jiki kafin su shiga fili, shi ya sa suke layi a gabanta, don sun ga ta sha da bakinta. Wannan kurɓin shi ne sunanta a wajen.

Ita ma Goggo ta je neman kati. Tana gaban duba-gari tari ya turnuƙe ta, matar ta ce sai ta fara zuwa an gwada kakinta. Goggo ta naɗe tabarmarta ta dawo gida. Ta ce ita ba za ta tofa a kwalba ta miƙa wa yaron da ta yi jika da shi ba.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har maigidana. Sati biyu da suka wuce na je taya ta kirɓi. Tarin ya taso mata, ta toshe baki da gefen mayafinta, da ta sauke sai na ga jini a jiki. Ba shi da yawa, amma jini ne, na gani da idona. Ta ga na gani. Ta damƙe wuyan hannuna ta ce, “'Yar nan, na haɗa ki da Allah, kar wannan ya fita daga bakinki.” Na ce to. Na san abin da take tsoro. A wajenmu in aka ce mutum yana da tarin fuka, har kofin shan ruwansa ware masa ake yi, ko ya warke ba mai ƙara shan furar hannunsa.

Bayan kwana uku sai ta aiko mini da dabararta. Wai ni in tsaya a bakin rumfa da katina a wuya, ita ta zauna daga ciki tana damu, in duba-gari ta zo a ce ai uwata ce ta zo kallo. Na ce a'a.

Daga nan gida ya ɗauki zafi. Baffana, wato yayan Goggo, ya kira ni a waya ya yi mini tas. Ya ce kati takarda ce kawai, masu awara ma mata uku ne a bayan kati ɗaya, ni ce zan fi kowa bin doka? Ya ce aji shida na yi nake wannan, da na yi sakandare ai da na sa an ɗaure su gaba ɗaya. Matarsa ta ce ba komai ba ne, so nake in kwashe 'yan kokawar Goggo su dawo wajena. Maigidana ma bai goya mini baya ba, cewa ya yi duba-gari sau ɗaya take zagaye da safe, daga nan ita ma kallo take tafiya, in bar tsohuwa ta yi harkarta a zauna lafiya. Ni kuwa hujjata ɗaya ce, kuma an rufe mini baki a kanta.

Jama'a, ni ba duba-gari nake tsoro ba. Ta ƙwace katin ma, bai dame ni kamar yadda suke zato ba. Abin da ke hana ni sukuni shi ne ludayin nan. Zai fito daga bakin Goggo ya shiga bakin mutum nawa a kwana uku? Wasu da 'ya'yansu suke zuwa, su kurɓa su ba su. Ni kuma ina tsaye a bakin rumfa, hotona a ƙirjina yana shaida musu cewa an duba, lafiya lau. Wannan shaidar zur ce, ko da ban buɗe baki ba. Na juya maganar ta kowace fuska, na ce wa kaina wataƙila ba fuka ba ce, wataƙila maƙogwaronta ne ya fashe don yawan tari, wataƙila wasiwasina ne da aka saba yi mini dariya a kai. Zai yiwu. Amma ba a gwada ba, ni kuma ba zan yi gwajin a jikin bayin Allah ba. Su kira ni butulu, su kira ni Likita, na ji na ɗauka. Ba zan yi ba.

Kar ku ce ban nemi wata hanya ba. Na ce wa Goggo mu hau mashin tun da sassafe mu je asibiti a Birnin Kudu inda ba wanda ya san ta, har na tambaya an ce mini in ma cutar ce ana warkewa, kuma maganin kyauta ne. Ta ƙi. Na ce to ta zauna a gida ta huta, ni in karɓi nonon shanunta in dama da hannuna. Ta ce ita ba ta mutu ba tukuna da za a fara rabon gadonta.

Jiya da rana ta sa aka kira mata ni a waya. Ba ta yi faɗa ba, da muryar da take lallashina ina yarinya ta yi maganar. Ta ce ran Juma'a da za a buɗe wasa za ta ɗauko ƙwaryarta ta zo ta zauna a rumfata, ko na yarda ko ban yarda ba. “In kin isa,” in ji ta, “ki kira duba-garin da bakinki, ta tashe ni a gaban jama'a.”

Yau Talata. Don Allah kar wanda ya ce mini in ba ta katin, wannan na riga na rufe shi. Abin da nake tambaya shi ne, in je in sanar da Baffa abin da na gani a mayafin nan, in karya alƙawarin da aka haɗa ni da Allah a kansa, ko zai tilasta mata zuwa asibiti? Malaman da ke cikin zauren nan, alƙawari irin wannan yana ɗaure mutum? Ko kuwa in haƙura da wasan bana gaba ɗaya in zauna a gida, alhali na san Goggo za ta samu wata ta ara mata inuwar katinta, ludayin ya ci gaba da yawo? In kuma na je, na ɗaga kai na gan ta tana shimfiɗa tabarma a bayana, me zan ce wa matar da ta goye ni? Ku faɗa mini kalmomin da zan faɗa, don ni na nema na rasa.