Sandar Baba a Bangon Juyawa

Cali, Talata 14 ga Mayu, ƙarfe huɗu da minti goma na yamma.

Zuwa ga Yaya Dairo,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka, Maryuri da Jhoan, kuma ƙurar garin Antofagasta ba ta tayar maka da tarin nan ba. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Ina rubutu ne a kan bencin asibiti, ina jiran 'yar'uwarmu Yuleidy, an shiga da ita ɗaukar hoton hannu karo na biyu minti ashirin da suka wuce. Mama tana nan ƙalau, ƙafar ce dai ba ta barin ta tsayuwa a gaban kaskon arepa, wainar masarar nan tata, kamar da. Ni kuma shaidar digirina ta gashin ƙashi ta fito ranar uku ga wata, aiki dai shiru.

Mama ta ce maka a waya Yuleidy ta ɗan bugu. Ga yadda abin ya faru. Ranar Asabar, a gasar iyo ta ƙasa baki ɗaya, ta yi iyon mita ɗari a rigingine, rukunin waɗanda ba sa gani ko kaɗan. Koci Hernán yana riƙe da sanda a bangon ƙarshe na tafkin iyon, Baba yana bangon juyawa da tsohuwar sandar kamun kifinka, wadda ya ɗaura wa ƙwallon tanis shekara goma sha huɗu da suka wuce. Aikinsa ya taɓa mata kai idan saura jan hannu biyu, ta san bango ya zo. Ranar bai taɓa ta ba sai da hannunta na dama ya riga ya daki bangon. Ta juya a haka, ta ƙarasa a 1:23.34. Ana neman 1:22.90 kafin a shiga tawagar gasar nahiya. Ƙashin ɗan yatsanta na tsakiya ya tsage, likita ya ce mako uku. Gwaji na ƙarshe ranar 8 ga Yuni ne, saura kwana ashirin da biyar, kuma shekarunta ashirin da tara.

Na duba bidiyon juyawarta goma sha ɗaya daga Janairu zuwa yanzu, ina tsayar da hoton ɗaya bayan ɗaya. A takwas Baba ya makara. Da na kai wa Yuleidy maganar sai ta yi dariya, ta ce 'yar boko in adana alƙalumana, ita tun bara ta sani, makauniya ce ba wawiya ba. Ashe ta daɗe tana ƙirga jan hannunta da kanta, talatin da huɗu, ta juya, ƙwallon Baba ya zama gaisuwa kawai. Ranar Asabar kafaɗarta ta gogi igiyar layi, ƙirgar ta kuɓuce mata, ta dogara da shi.

Ranar Lahadi muna cin farfesun sancocho na faɗi maganar makarar Baba a gaban kowa. Baba ya ɗora laifin a kan hasken fitilu da ke rawa a ruwa, sannan a kan ƙwallon, wai ya yi laushi. Mama ta ce to fitila ce ke sa shi zuba gahawa a gefen kofi kowace safiya? Ya dube ni ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Yuleidy ta ce ai yanzu makafi biyu ne a gidan, ɗaya ce kawai ta amsa sunanta. Ya ajiye cokali ya fita tsakar gida. A ganina yanar ido ce ta fara rufe masa gani, amma ni ba likitar ido ba ce, shi kuma ya ƙi zuwa a duba.

Koci ya ce batun canza Baba maganar gida ce, sai dai ranar Juma'a zai miƙa sunan mai riƙe sanda. Jiya ya gwada ni da sandar kulob da wata mai iyo da ke gani. A cikin goma, sau shida na taɓa da wuri saboda tsoro. Wannan ma illa ce, domin za ta juya ƙafarta ta harbi ruwa babu bango. Yuleidy ta ce gara ta karya yatsa da Baba da ta yi shure-shure a banza da ni. Ban san ko wasa take ba.

Roƙona shi ne ka kira Baba kafin Juma'a, kai kaɗai yake saurare. Kada ka ambaci bidiyo. Ka yi masa maganar likitan ido kawai.

Yau da na tashi na tarar da sandar Baba a jingine a ƙofar ɗakina, da sabon ƙwallo a bakinta. Baba ya riga ya fita kafin ƙarfe shida. 

Ka gaishe da Maryuri, ka shafa mini kan Jhoan. Mama da Goggo Ofelia suna gaishe ku. Ga abubuwan da ban sani ba har zuwa wannan lokaci:

Ko yatsan zai haɗe kafin ranar 8 ga Yuni.

Ko kwana ashirin da biyar za su ishi hannuna ya daina gaggawa.

Ko Yuleidy za ta yarda ta daina ƙirga ta jira ni.

Ko Baba zai zo ya zauna cikin 'yan kallo, abin da bai taɓa yi ba.

Ko shi ya jingine sandar, ko Mama ce. Na dai duba ƙullin da aka ɗaure ƙwallon da shi, irin na masu kamun kifi ne, kuma an yi kuskuren zagaye ɗaya.

Ƙanwarka,
Nohemí