Hirar Waya, Layi Goma

Zuwa ga ƙanwata Rahma,

Bayan gaisuwa, ya jikin Inna? Ya ruwan Jos, da ɗaliban kulob ɗin wasan kwaikwayo da na bar miki?

Kin ce rubutunsu ba ya motsa kowa, har shugaban makaranta zai rufe kulob ɗin idan wasan ƙarshen zango bai yi armashi ba. Na san ciwon. Yara suna zaton dole ɗan wasa ya faɗi duk abin da ke ransa: "Wayyo, ina cikin baƙin ciki!" Wa kika taɓa ji yana magana haka a Tina Junction?

Ni lafiya lau nake a birnin Leeds na Ingila. Aikin da aka ce mini na koyarwa ne, ashe gidan kula da tsofaffi ne. Ina canza zanen gado, ina ba su abinci a baki. Shekara tara ina gaban allo, a nan ba wanda ya taɓa ce mini Malama. Wata tsohuwa kullum sai ta tambaye ni ko na iya karatu. Amma ba komai. Kada ki gaya wa Inna.

Ga aikin ranar Laraba. Kowa ya rubuta hirar waya, layi goma, tsakanin 'ya a ƙasar waje da uwarta a unguwar Abattoir. An hana 'yar faɗin komai sai alheri, amma dole mai kallo ya gane tana shan wuya. Uwar ma ta gane, ta yi kamar ba ta gane ba.

Ke ma ki gwada. In kin rasa ta inda za ki fara, zauna kusa da Inna ranar Juma'a idan na kira.

Yayarki,
Hanatu